Dorinar da Ta Shiga Shinkafar Ɗahiru

Akwai wani tsohon maharbi a birnin Sakkwato mai suna Mode, gidansa na cikin wani lungu kusa da Ƙofar Dundaye. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne shekara goma sha ɗaya bayan Turawa sun ci garin, a ƙarshen daminar da ta biyo bayan babbar yunwa.

A lokacin Mode ya haura sittin. Ya yi harbi tun daga dajin Gundumi har bakin Kwara. Ɓauna ta taɓa ɗaga shi ta buga da ƙasa, tun daga nan ƙugunsa na hagu bai koma daidai ba, yana tafiya yana jan ƙafa. Shi da matarsa Tani kaɗai suka rage a gidan. 'Ya'ya uku Allah ya ba su, duka ukun sun riga su tafiya.

Mutumin ya gaji. Bindigarsa na rataye a ɗaki, ya fi shekara biyu bai sauko da ita ba. Igiya yake tufkawa ya kai kasuwa. In an idar da la'asar sai ya ja ƙafa zuwa zauren Malam Abdulwahabu, malamin unguwar, ya zauna can gefe yana sauraren hirar mutane.

Shi Malam Abdulwahabu yana da ɗan ƙane mai suna Hayatu, mai shekara talatin da wani abu. Hayatu ya yi karatu, ga kaifin baki, kuma ya koyi Turanci da wuri, har wani Bature a bariki ya ɗauke shi tafinta. In Baturen zai fita rangadi, Hayatu ne ke riƙe masa bindiga. A wata fita Baturen ya harbi zaki, zakin ya faɗi yana shure-shure, sai ya miƙa wa Hayatu bindigar ya ƙarasa shi. Tun daga ranar babu wanda ya huta da labarin zakin nan.

Wata Laraba da yamma hira ta gangaro kan namun daji. Wani ya ce babu abin da ya kai zaki haɗari. Wani ya ce giwa. Wani mahauci ya rantse damisa ce, don ita ba a ganin zuwanta. Malam Abdulwahabu ya juya wajen Mode.

"Mode, kai ka san daji. Wanne yaf fi haɗari ga maharbi?"

Mode ya dakata da murza igiyar da ke hannunsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, kowanne ka rena shina iya kashe ka. Amma in dole sai na faɗi, wanda ka harba bai mutu ba, shi na. In kuwa dorina ta, ga ta da ɗa, ga ka cikin jirgi bisa ruwa, to ka yi kalmar shahada tun da wuri."

Hayatu ya fashe da dariya.

"Dorina? Wagga saniyar ruwa mai cin haki? Tsoho, zamanin ku ya wuce. Ku da bindigar da sai an ɗura mata albarushi da tsumma, dole ku ji tsoron komi. Bindigar Bature harsashi biyar take ci, ba ta san dorina ba."

Baffansa ya daka masa tsawa ya ce ya iya bakinsa. Mode ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya.

Ana cikin haka wani mutum ya yi sallama, ƙafafunsa duk laka ta bushe a kai. Ɗahiru ke nan, manomi daga Dundaye, mai gonar shinkafa a fadamar Gulbin Rima. Yana da ƙaramin jirgin ruwa da yake kamun kifi da shi in aikin gona ya yi sauƙi. Yunwar bara ta ɗauke masa 'ya'ya biyu. Saura biyu, da matarsa Jummai.

Ya durƙusa gaban Mode.

"Baba, wurinka niz zo. Dorina ta shigo muna fadama da ambaliya, ita da ɗanta. Kwana shida ke nan, kullum safiya sai in iske ta cinye wani sashe, ta tattake sauran. Shinkafar ta fidda kai, Baba. Ita kaɗai gare mu."

Mode ya tambaye shi girman sawun ɗan, da inda take kwanciya da rana, da yadda ruwa ke ja. Da ya gama ji sai ya girgiza kai.

"Ɗahiru, ba a harbin wagga. Ruwa yak kawo ta, ruwa za shi tahi da ita. Nan da kwana ashirin gulbi zai ja, ta bi zurfi ta gangara. Kahin nan a haƙa rami a gewaye gonar, mai zurfin ƙugu. Dorina ba ta tsallake rami. Ni da kaina za ni zo in kama maka haƙa."

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. "Baba, ramin da zai gewaye gonata aikin kwana goma na. Jikinmu babu ƙarfi, kowa bai gama farfaɗowa ba. Kahin mu gama ta gama da ni."

"Za ta ci wani abu. Amma za ka tsira da rabi."

Rabi. Ɗahiru ya riga ya auna abin da rabi zai yi wa baki huɗu har wata damina.

Hayatu ya miƙe yana gyara riga. Baturensa ya tafi doguwar tafiya, ya bar masa bindigar don ya riƙa goge ta yana sa mata mai.

"Kai malam, bar tsoho da haƙar rami. Gobe da hantsi ka kai ni inda take. Harbi ɗaya, ku ci nama, shinkafarku ta huta."

Mode ya ɗago ido ya dube shi. "Ɗana, wurin da harsashi ka kashe dorina bai wuce tahin hannu ba, tsakanin ido da kunne. Jirgi kuwa rawa shikai. In ka kuskure, ba kai kaɗai ka cikin jirgin ba."

"Tsoro dai, tsoho. Ka ce tsoro kake ji, a wuce wurin."

"I, tsoro nike ji," in ji Mode.

Ɗahiru ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ba mutumin banza ba ne, yunwa ce ta ci masa haƙuri. Ya ce wa Mode ya gafarce shi, ya bi Hayatu waje.

Washegari bayan asuba Tani ta tarar da mijinta yana ɗaura wa jakin maƙwabci akumari.

"Malam, ina za ka da wagga ƙafa? An zage ka cikin mutane, kuma ka bi su?"

"In ban tahi ba, ba ni iya zama," ya ce.

Jakin tsoho ne, hanya kuma duk taɓo. Rana ta ɗaga sosai kafin ya isa bakin fadama. Ya tarar da mutanen Dundaye sun yi cirko-cirko a gaɓa, maza da mata. Can tsakiyar wani faffaɗan gurbi ya hango jirgin, Ɗahiru a baya yana tura shi da gora, Hayatu a gaba da bindiga. Gabansu kaɗan kunnuwa biyu da hanci sun leƙo saman ruwa. Kusa da su akwai wasu ƙananan kunnuwa.

Mode ya buɗe baki zai yi kira, sai ƙarar bindiga ta tashi.

Ruwa ya yi sama. Dorinar ta yi wani kuka, ta nutse. Jini ya bazu. Mutane suka ɗauki sowa, Hayatu ya miƙe tsaye cikin jirgin yana ɗaga bindiga sama.

Mode ya ga inda harsashin ya shiga. A wuya ne.

"Ɗahiru! Turo gaɓa! Turo!"

Ɗahiru ya ji, ya kafa gora ya fara juya jirgin. Bai yi tura uku ba jirgin ya tashi sama kamar an ɗaga faifai. Hayatu ya faɗa gefe guda, bindiga ta yi nata wuri. Dorinar ta buɗe baki ta datse jirgin gida biyu, ta juya kan Ɗahiru. Matan da ke gaɓa suka rufe idanu. Jummai ba ta rufe nata ba.

Hayatu bai iya ruwa ba. Ya rungume ɓarin jirgi yana shan ruwa yana ihu, babbar rigarsa na jan shi ƙasa. Babu wanda ya motsa, don kowa ya san tana nan ƙarƙashi.

Mode ya fizge gora daga hannun wani, ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Laka ta riƙe masa ƙafar nan mai ciwo, ya ji wani abu ya goce a ƙugunsa, amma ya miƙa gorar.

"Kama! Bar ihu, kama!"

Da Hayatu ya kama, sai maza biyu suka yi ƙarfin hali suka shigo suka ja su duka zuwa gaɓa.

Sai bayan azahar aka samo gawar Ɗahiru cikin ciyawa. Aka yi masa sutura da la'asar.

Ana dawowa daga maƙabarta samarin garin suka kewaye Hayatu, wasu da ƙotar fartanya a hannu. Yana zaune a ƙasa, babu hula, babu takalmi. Mode ya dogara sanda ya ja jiki ya tsaya a gabansa.

"Baba, kauce," in ji ƙanen Ɗahiru. "Wanga ya kashe muna ɗan'uwa. Kai ma ya zage ka, mun ji."

"Ya zage ni, ni yaz zaga. Ku kuma da anka yi harbin, wa na bai yi sowa ba cikinku? Mun binne mutum ɗaya yau. Ni na gaji da binne mutane. Wanda zai taɓa shi, shi fara da ni."

Suka tsaya suna huci. A hankali ƙotocin suka sauka.

Hayatu ya rarrafa zuwa ƙofar gidan mamacin, inda Jummai ke zaune cikin mata da 'ya'yanta biyu a jikinta. Ya ce ta yafe masa. Ta dube shi, idonta a bushe. Ta ja mayafi ta juya fuska ga bango.

Masifar ba ta ƙare nan ba. Dorinar da a da ciyawa kawai take nema, yanzu ciwo ya haukata ta. Ta kori mata daga wurin ɗibar ruwa. Ta fasa wani jirgin da ke ɗaure. Babu mai iya shiga fadama, shinkafar kowa na tsaye tsuntsaye na ci.

Mode ya aika gida aka kawo masa tsohuwar bindigarsa da sango, wato gajeren mashi mai dafi da maharba ke ɗurawa a bakin bindiga don manyan namu. Ya zauna yana jiƙa dafin, fuskarsa kamar mai shirin zuwa ta'aziyya.

Hayatu bai koma birni ba. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, ka bar ni in bi ka."

"Ka yi mi?"

"Ko mi kac ce."

Mode ya dube shi. Ƙugun tsohon ya kumbura, ba ya iya taka ƙafar sosai. "To za ka ɗauke ni. In mun kai, ka zauna. Ba magana, ba tari, ba korar ƙuda."

Akwai wani tudun yashi da dorinar ke hawa ta sha hantsi, saboda ciwon ba ya barin ta daɗe cikin ruwa. Kowace safiya Hayatu ya goya Mode har cikin ciyawar da ke kusa da tudun, ta inda iska ba za ta kai mata warinsu ba. Su zauna cikin laka har rana ta karkata.

Rana ta farko ba ta fito ba. Rana ta biyu ta fito can nesa. Ta uku ta hau tudun, ta ba su baya, taku talatin tsakaninsu. Hayatu ya taɓa hannun Mode. Mode bai ko motsa ba. Da suka koma gari Hayatu ya kasa haƙuri.

"Baba, ga ta a fili, mi ya hana?"

"Harbi ɗaya gare ni. In na sa shi inda bai kamata ba, wa za a binne gobe?"

Sauro ya cinye su. Matsattsaku suka manne musu a ƙafafu. Hayatu, wanda bai taɓa yin sa'a guda bakinsa a rufe ba, ya yi yini biyar cikin ciyawar nan bai ce uffan ba. A zaman nan ne ya ga abin da bai gani ba daga cikin jirgi: yadda ɗan ke bin uwar yana tura ta da hanci, yadda take sa jikinta tsakaninsa da gaɓa duk da ƙudajen da suka rufe mata wuya.

Rana ta biyar ta fito ta gefensu. Ta tako a hankali, tana numfashi da ƙyar, har ta zo taku goma. Ta juya haƙarƙari. Mode ya yi bisimilla a zuci ya harba.

Ta zabura ta faɗa ruwa. Suka jira. Wajen la'asar ta taso, ciki sama.

Mutanen Dundaye suka jawo ta da igiyoyi, aka raba nama gida-gida, har ƙauyukan kusa suka samu. Mutanen da suka yi shekara ba su ga maiƙo ba suka ci suka ƙoshi. Mode bai ci ba. Ya zauna a gaɓa yana kallon ɗan dorinar na kewaya gurbin shi kaɗai. Bayan kwana biyu ba a sake ganinsa ba.

"Da an haƙa ramin nan," ya ce wa Hayatu, "da Ɗahiru na nan, da ita ma tana nan." Bai ƙara ba, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Abin da ya rage na shinkafar Ɗahiru bai kai rabi ba. Hayatu ne ya yanke ta. Hannunsa da bai san lauje ba ya yi ƙurji ya fashe. Ya sussuke, ya ɗaure, ya kai ƙofar gidan Jummai ya ajiye. Ba ta fito ba.

Da Baturen ya dawo ya tarar babu bindiga, bai tsaya dogon bincike ba. Ya kori Hayatu daga aiki, aka ɗaure shi wata uku. Abokan da ke zama su saurari labarin zaki babu wanda ya leƙa shi. Tani ce ke dama fura ta bayar a kai masa, bisa umarnin mijinta.

Ranar da ya fito, bayan ya gaida baffansa, gidan Mode ya nufa. Ya tarar da tsohon a kwance. Tun shigarsa ruwan nan ƙugun ya ƙi, ƙafar ta shanye. Tani ita ma tsufa ya kama ta, ba ta iya ɗaga shi. Igiyar da suke ci da ita ta tsaya.

Hayatu ya cire riga ya rataye. Ya ɗauki tulu ya tafi rijiya.

Shekara shida ya yi yana haka. Da safe ya ɗaga Mode ya fito da shi tsakar gida, ya yi masa wanka, ya juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Ran Juma'a ya goya shi zuwa masallaci, mutane na kallon ɗan gidan malamai da tsohon maharbi a bayansa. Yana rubuta wa fatake wasiƙu a bakin kasuwa, abin da ya samu a ci a gidan. In damina ta faɗi kuma, kullum sai ya taka zuwa Dundaye ya yi aiki a gonar marayun Ɗahiru. Farkon abin da ya yi a gonar shi ne haƙa rami ya kewaye ta, shi kaɗai, kwana ashirin da uku.

Duk shekarun nan Jummai ba ta taɓa yi masa magana ba. In ya yi sallama, 'yarta ce ke amsawa. In rana ta yi zafi za a aiko masa da ruwa a ƙwarya, amma ba da saƙo ba. Wata rana ya gaya wa Mode abin na cin ransa.

"Ba don ta yi maka magana kake noman ba," in ji Mode. "Yi aikinka."

Mode ya rasu wata Asabar da hantsi, kansa bisa cinyar Hayatu. Hayatu ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Da aka dawo ya zauna a ƙofar gida a wurin da ɗan mamaci ke zama, don babu wani.

Rana ta uku, mutane sun fara raguwa, sai ga wata mace ta shigo lungun da ƙwaryar shinkafa a ka, ƙafafunta sun yi futu-futu da tafiya. Jummai ce. Ta shiga ciki ta gaida Tani, ta daɗe. Da ta fito sai ta tsaya daidai inda Hayatu ke zaune. Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, yana jiran ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ta durƙusa.

"Malam Hayatu, ƙaƙa haƙuri?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Allah shi jiƙan Baba," ta ce. "Allah shi jiƙan Ɗahiru. Kai kuma Allah shi yafe muna baki ɗaya. Ni na yafe."

Ta tashi ta kama hanyar Dundaye. Hayatu ya kifa fuska cikin tafin hannunsa ya yi kukan da bai yi ba ko a bakin kabari.

Darasi: Kada ƙarfin abin da ke hannunka ya sa ka raina maganar wanda ya ga abin da ba ka gani ba. Girman kai da gaggawa ba kai kaɗai suke cutarwa ba, sau da yawa wanda ya yarda da kai ne ke rasa ransa. In an wulaƙanta ka, kada hakan ya hana ka ceton wanda ya wulaƙanta ka, don ba ka san hannun da zai ɗaga ka ranar da ƙafarka ta gaza ba. In kuma kai ne ka yi kuskure, baki kaɗai ba ya gyara shi, sai aiki da haƙuri mai tsawo. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin yanke hukunci cikin gaggawa da zai karanta ya dakata.